Idan Saba Ta Ce A'a: Bin Sawun Turin da Aka Ƙi Karɓa a Ma'ajiyar Git ta Cikin Gida

Tsakure

Maƙalar ta dubi matsalar da ke ci wa ƙananan kamfanonin manhaja, sassan jami'o'i da ƙungiyoyi tuwo a ƙwarya, musamman waɗanda suka zaɓi riƙe ma'ajiyar Git a sabarsu maimakon damƙa ta ga GitHub da makamantansa: mai rubuta manhaja ya tura aikinsa, saba ta ƙi karɓa. An bi turin tun daga kwamfutar mai aiki har zuwa faifan saba, an nuna inda kowane irin ƙi yake fitowa da yadda ake gane shi daga rubutun da ke bayyana a allo. Matsayin maƙalar shi ne, mafi yawan ƙin da ake gani kariya ce da aka sa da gangan, kuma magungunan gaggawa da aka fi yayatawa sun fi cutar ɓarna.

1.0 Gabatarwa

A ranar 28 ga Maris, 2021, sabar git.php.net ta karɓi turi biyu ba tare da ta ce uffan ba. Na farko yana ɗauke da sunan Rasmus Lerdorf, wanda ya ƙirƙiro harshen PHP, na biyu kuma da sunan Nikita Popov, ɗaya daga cikin jiga-jigan masu kula da harshen a lokacin. Babu ko ɗayansu da ya tura komai. Abin da aka cusa da sunan gyaran kuskuren rubutu ɓarauniyar hanya ce, wadda da ta kai hannun jama'a za ta ba wani damar ba da umarni ga duk sabar da ke ɗauke da ita. An farga da wuri aka cire, amma masu PHP suka haƙura da sabar tasu, suka tattara suka koma GitHub. Da aka bi diddigi, sai aka gano turin bai bi ta SSH ba, inda Gitolite ke tantance masu shiga. Ya bi ta HTTPS ne da kalmar sirri, wata ƙofa ta biyu da ba ta ƙarƙashin wannan tsaron.

An fara da wannan labari ne saboda wanda saba ta ƙi karɓar aikinsa da ƙarfe biyar na yamma, ga mai kwangila yana ta kira, abokiyar gaba kawai yake ganin ta. Burinsa turin ya wuce ko ta halin ƙaƙa. Masu PHP kuwa, da za su so a ce tasu ta yi gardama a wannan rana.

Linus Torvalds ya rubuta Git a watan Afrilu na 2005, bayan masu gina Linux sun rasa damar amfani da BitKeeper kyauta, sannan ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano a watan Yuli na shekarar. Tun daga tushe ba a gina shi da wata uwar saba guda ba. Duk kwamfutar da ke da Git da SSH za ta iya zama saba da umarni ɗaya, `git init --bare`. Wanda yake son shafi mai kyan gani da asusun ma'aikata sai ya ɗora GitLab, ko Gitea da ta ɓalle daga Gogs a 2016, ko Forgejo da ta ɓalle daga Gitea a 2022. Dalilan yin haka a Kano ko Maraɗi ba ɓoyayyu ba ne: intanet na yankewa, data na da tsada, kuɗin haya da dala ake biya, wani abokin hulɗa kuma ba ya yarda aikinsa ya kwana a sabar wata ƙasa. Sai dai wanda ya kafa saba ya gaji duk ɗawainiyar da ma'aikatan GitHub ke yi a bayan fage, kuma sau da yawa mai kukan da wanda ake kai wa kukan mutum ɗaya ne.

2.0 Wa ya ƙi?

Layin ƙarshe da Git ke nunawa kusan kullum ɗaya ne: “failed to push some refs”. Shi ne aka fi ɗauka a hoton allo a tura zauren WhatsApp na ofis, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani, domin abin da ya faɗa kawai turi bai shiga ba. Shaidar tana sama da shi.

Turi kamar saƙo ne da aka kai tasha. Yana iya tsayawa a hannun mai aikawa, ko ya maƙale a hanya, ko mai gadi ya hana shi shiga, ko ya shiga a tarar sito a kulle. Git yana faɗin inda aka tsaya, ga mai haƙurin karantawa. Idan layin da ke farawa da alamar motsin rai ya ce “rejected” kawai, Git ɗin da ke kwamfutar mai turi ne ya ja birki, bayan ya tambayi saba inda rassanta suke, kuma bai aika komai ba. Idan ya ce “remote rejected”, kaya sun isa, saba ce ta ƙi. Duk layin da ya fara da “remote:” daga bakin saba ya fito. Idan kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai maganar SSH ko wata lamba irin 403 ko 413, to Git na can bai ma san an zo ba. Wannan bambanci shi kaɗai yana raba aikin gida-gida, kuma yana hana mutum ɓata yini yana gyaran saba alhali matsalar tana kan teburinsa.

3.0 Wanda aka riga

Mafi yawan ƙi daga nan yake, kuma dalilin da ake rubutawa a ƙarshen layin shi ne “fetch first” ko “non-fast-forward”. Ma'aikata biyu sun fara aiki daga kwamit guda, wato canji guda da aka rattaba a tarihin ma'ajiya. Ɗaya ta riga ta tura nata. Da na biyu zai tura nasa a karɓa haka nan, reshen zai koma yana nuna aikinsa shi kaɗai, nata ya bi ruwa. Git ba ya yarda reshe ya matsa sai idan sabon kan reshen ya ƙunshi tsohon a cikin tarihinsa. Maganin ba wuya: `git fetch`, a dubi inda tarihin ya rabu da `git log --oneline --graph --all`, sannan a haɗa da `git merge` ko a ɗora aikin a kan na abokiyar aiki da `git rebase`, a sake turawa.

Akwai wani nau'i da ke rikita sababbin shiga. An buɗe sabuwar ma'ajiya a Gitea ko GitLab, an bar ta ta ƙirƙiri fayil ɗin README da kanta, sannan aka zo tura tsohon aiki. Tarihi biyu ne da ba su haɗa kaka ba, kuma tun bugu na 2.9 a 2016 Git ba ya haɗa irinsu sai an ce masa `--allow-unrelated-histories`. Shi kuwa “src refspec master does not match any” yana nufin ko dai ba a yi kwamit ko ɗaya ba tukuna, ko sunan reshen main ne ana kiran sa master, ruɗanin da ya yawaita tun 2020 da aka fara sauya sunan.

A nan ne maganin gaggawa na farko ke shigowa, wato `git push --force`. Yana aiki, shi ya sa yake da haɗari. A watan Nuwamba na 2013 wani daga cikin masu aikin Jenkins ya kunna sabar Gerrit da ke ɗauke da tsofaffin kwafi, ita kuma ta tura su da ƙarfi zuwa GitHub, ta mayar da ma'ajiyoyi fiye da 150 baya, wasu da watanni. An farfaɗo da su da taimakon ma'aikatan GitHub da kwafin da ke hannun masu aiki. Mai sabar cikin gida ba shi da irin wannan gata. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kundin da Git ke rubuta inda kowane reshe ya taɓa tsayawa, wanda ake dubawa da `git reflog`, a kashe yake zuwa a ma'ajiya tsura, irin wadda ake ajiyewa a saba. Sai mai kula ya kunna `core.logAllRefUpdates` da hannunsa. Idan bai yi ba, aka danne reshe da ƙarfi, sai dai a shiga neman wanda yake da tsohon kwafi a kwamfutarsa, ko a tono gutsattsarin da suka zama marayu kafin shara ta bi ta kansu, wadda a tsarin asali take jiran mako biyu.

Akwai lokacin da sake rubuta tarihi ya halatta, kamar mutum a reshensa shi kaɗai bayan ya yi rebase. Don haka aka kawo `--force-with-lease` a bugu na 1.8.5 a 2013: yana danne reshen ne kawai idan saba tana nan inda mai turi ya san ta, in ba haka ba ya ƙi da “stale info”. Shi ma yana da rauni. Idan manhajar rubutu tana jawo sababbin abubuwa a ɓoye lokaci-lokaci, Git zai ɗauka mutum ya ga aikin abokinsa alhali bai gani ba. Bugu na 2.30 a ƙarshen 2020 ya ƙara `--force-if-includes` don toshe wannan kafa.

4.0 A hanya

Ga masu bi ta SSH, saƙon da aka saba gani shi ne “Permission denied” tare da kalmar publickey. Babu ruwan Git a ciki, don haka gwajin ma ba da Git ake yi ba: `ssh -vT git@` da sunan sabar zai nuna makullan da aka miƙa da wanda aka ƙi. Wani lokaci makullin bai shiga `authorized_keys` ba. Wani lokaci kwamfuta tana da makullai da yawa, ta yi ta miƙa su ɗaya bayan ɗaya har saba ta katse a gwaji na shida, sai an sa `IdentitiesOnly yes` an nuna wanda ake so. Wani lokaci Gitea tana cikin Docker tana sauraro a wata kafa daban, mai turi kuma yana ƙwanƙwasa kafa ta 22 ta ainihin sabar. Tun watan Satumba na 2021 kuma, da OpenSSH 8.8 ya daina karɓar sa hannun RSA mai amfani da SHA-1, an sha ganin makullin da ya shekara yana aiki ya mutu washegarin sabunta kwamfuta, saboda tsohuwar sabar wannan salon kaɗai ta iya. Sabunta sabar ko yin sabon makulli na ed25519 ya fi sake buɗe abin da aka rufe.

Masu bi ta HTTPS labarinsu ya fi ban haushi, domin ƙananan turi suna wucewa lafiya, sai ranar da aka saka hotuna ko wani babban fayil a ga “RPC failed; HTTP 413”. Wannan lamba ba daga Git take ba. Mafi yawa nginx ne da aka ajiye a gaban sabar, wanda a tsarinsa na asali ba ya karɓar abin da ya wuce megabait ɗaya sai an ɗaga `client_max_body_size`. Shawarar da ta cika intanet ita ce a ƙara `http.postBuffer` zuwa wata ƙatuwar lamba. Littafin Git da kansa ya bayyana cewa wannan saiti yana amfani ne kawai inda saba ko wani mai shiga tsakani bai iya karɓar bayanai gunduwa-gunduwa ba. Ba ya ɗaga iyakar da nginx ya sa, yana dai ƙara cin ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Lamba 403 tana nufin an gane ka amma ba ka da izini, ko kuma ba a tambayi ko wane ne kai ba sam, domin `git-http-backend` ba ya karɓar turi daga wanda bai shiga da suna ba. A Windows sau da yawa tsohuwar kalmar sirri ce da kwamfuta ta adana take ta miƙawa. Adireshin da ya fara da git://, mai kafa ta 9418, na karatu ne kawai a tsarin asali.

Abin da ya fi shafar masu aiki da raunanniyar intanet shi ne, turin Git ba ya ci gaba daga inda ya tsaya. Idan layi ya yanke a kashi casa'in cikin ɗari, daga farko za a koma. Dabarar ita ce a raba kayan: a tura wani tsohon kwamit tukuna, ta hanyar rubuta lambarsa, alamar ruwa biyu, sannan `refs/heads/main`, a matsa gaba kaɗan-kaɗan har a kai kan reshen.

5.0 A bakin ƙofa

Tsohon tarko ga mai kafa saba karon farko shi ne ya yi `git init` ba tare da `--bare` ba, ko ya tura kai tsaye zuwa foldar da shafin intanet ke zaune. Amsar ita ce “branch is currently checked out”. Kafin bugu na 1.7.0 na Fabrairun 2010 Git yana karɓar irin wannan turi, sakamakon kuwa bai yi kyau ba: reshe ya matsa gaba, fayilolin da ke foldar suna nan a tsohon halinsu, duk wanda ya yi kwamit a wurin sai ya warware aikin da aka turo ba tare da ya sani ba. Masu ba da shawarar a mayar da `receive.denyCurrentBranch` zuwa ignore wannan zamanin suke son dawowa da shi. Hanyar ƙwarai ita ce ma'ajiya tsura a tsakiya, ko, ga ƙaramin shafi, a zaɓi updateInstead da ya zo a bugu na 2.3 a 2015, wanda ke sabunta fayilolin tare da reshen kuma yake ƙi idan wani ya taɓa su a sabar.

Sai ƙugiyoyi, ƙananan shirye-shiryen da ke rataye a foldar hooks ta ma'ajiya. Ta pre-receive tana gudana sau ɗaya, ta karɓi turin gaba ɗaya ko ta watsar da shi gaba ɗaya. Ta update tana duba kowane reshe daban. Ta post-receive sai an gama karɓa take tashi, saboda haka ko ta cika allo da kuka, aikin ya riga ya shiga. Tun bugu na 2.11 a 2016, kayan da aka turo suna zama a keɓe har ƙugiyar farko ta amince, idan ta ƙi a zubar da su.

Matsalar “pre-receive hook declined” da ire-irensa ita ce fuska biyu gare su. Yana iya zama doka ce ta yi aiki: GitLab yana kare babban reshe tun daga buɗe ma'ajiya, mai matsayin Developer ba ya tura masa kai tsaye, Gerrit yana son a tura zuwa `refs/for/` da lambar Change-Id, Gitolite, idan ya karanta dokokinsa kaf bai ga wadda ta ba ka izini ba, sai ya ce “DENIED by fallthru”. Yana iya kuma zama ƙugiyar ce ta karye. Git lambar fita kawai yake dubawa, duk abin da ba sifili ba ƙi ne a wurinsa. Ƙugiyar da ke neman Python da aka cire, ko wadda aka gyara a Windows ta dawo da ƙarshen layi irin na Windows, ko wadda ke nuna tsohon mazaunin Gitea bayan an yi ƙaura, duk amsa ɗaya suke bayarwa da ta doka. Alamar rarrabewa mai sauƙi ce: idan kowa da kowa ake ƙi, a kowane reshe, ƙugiya ce ta lalace. Masu Gitea suna da `gitea admin regenerate hooks` don wannan.

Akwai kishiyar wannan da ba ta da hayaniya. Ƙugiyar da ta rasa izinin gudana, kamar bayan an kwafe ma'ajiya ta filashi, Git tsallake ta yake yi, ya karɓi komai. Babu wanda zai kai ƙara, domin babu wanda aka hana.

Wanda aka ƙi saboda babban fayil yakan goge fayil ɗin a sabon kwamit ya sake turawa, a sake ƙi, ya rasa dalili. Fayil ɗin yana nan a tarihin da yake turawa. Sai an cire shi daga kwamit ɗin da ya shigo da shi, a mayar da irinsa Git LFS. Haka wanda ya yi kwafi da `--depth 1` don tsimin data, sannan ya zo tura shi sabuwar saba, zai gamu da “shallow update not allowed”, domin tarihinsa guntu ne. Dole ya koma tsohuwar ma'ajiyar ya yi `git fetch --unshallow`. Data ɗin da aka yi tsimi sai an biya ta.

6.0 A cikin sito

Nan ne sabar cikin gida ta fi bambanta da ta haya, kuma nan ne ya cancanci a daɗe.

Git yana ajiye kowane gutsure na bayani da lambar shaida mai harafi 40, a cikin foldar objects. Haruffa biyun farko su ne sunan ƙaramar foldar da gutsuren zai zauna, daga 00 zuwa ff, folda 256 ke nan. Turin da bai kai gutsure 100 ba ana warware shi a rarraba cikin waɗannan foldoji. Yanzu a ce mai kula ya shiga da asusun root wata rana ya yi wani ɗan aiki a ma'ajiyar, Git ya ƙirƙiri folda biyu ko uku a lokacin. Waɗannan mallakar root ne. Daga ranar, duk turin da gutsurensa ya faɗa ɗaya daga cikinsu zai gamu da “insufficient permission for adding an object” ko “unable to migrate objects to permanent storage”, sauran kuwa su wuce sumul. Ma'aikaci ya tura da safe ya shiga, da rana a ƙi, ya canza harafi ɗaya ya sake turawa ya shiga. A ofis sai a fara zargin intanet, wasu har da aljanu. Umarni ɗaya, `ls -l objects`, zai nuna foldojin da suka fita daban.

Gyaran ya danganta da tsari. Idan kowa yana shiga da asusu ɗaya mai suna git, `chown -R git:git` ya wadatar. Idan kowa da asusunsa, sai a haɗa su rukuni ɗaya, a sa `core.sharedRepository` ya zama group, a mayar da fayilolin hannun rukunin, a sa wa foldoji alamar `g+s` don sababbi su gaji rukunin. Wanda ya buɗe ma'ajiya da `--shared=group` tun farko ya huta da wannan, kuma ya sami ƙarin kariya, domin Git yana kunna masa `receive.denyNonFastForwards`.

Maganin gaggawa na biyu, `chmod -R 777`, gyaran gangar Auzinawa ne. Yana buɗe foldar hooks ga duk wani asusu da ke kan sabar, har da na shafin intanet da aka fi kai wa hari, kuma wanda ya iya rubuta ƙugiya ya iya ba da umarni da sunan duk wanda ya yi turi. Idan hannu ya zarce aka yi shi a kan gidan asusun git gaba ɗaya, SSH zai ga foldar makullai a buɗe ga kowa ya daina yarda da ita, ofis duka ya tsaya a waje. Garin gyaran gira an rasa ido.

Ɗan'uwan wannan shi ne “detected dubious ownership”, wanda ya samo asali daga gyaran tsaro na Afrilun 2022, bugu na 2.35.2: Git ba ya aiki a ma'ajiyar da ba ta mai gudanar da shi ba. An fi ganin sa inda Apache ke gudana da asusun www-data, ma'ajiya kuma ta git ce. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mai turi ya kwafi umarnin `safe.directory` da saƙon ya nuna ya buga a kwamfutarsa, alhali layin da “remote:” ya fara. A saba ake yin sa, ga asusun da ke gudanar da Git, kuma da sunan ma'ajiyar. Sa alamar tauraro a wurin kashe kariyar ne ɗungurungum, shi ne maganin gaggawa na uku. A sabobin Red Hat da danginsu, idan izini ya yi daidai amma ƙi bai daina ba, a dubi kundin SELinux kafin a taɓa komai.

Faifai ma yana cika. `df -h` zai nuna, amma a haɗa da `df -i`, domin miliyoyin ƙananan fayiloli suna iya cinye gurabun rajista alhali sarari yana nan.

Sai wuta. Kafin Git ya matsar da reshe yana ƙirƙirar ƙaramin fayil mai ƙarewa da .lock, ya goge shi idan ya gama. Aka ɗauke wuta a tsakani, fayil ɗin zai kwana, kuma duk turi zuwa wannan reshe zai gamu da “cannot lock ref”. Ana goge shi da hannu, bayan an tabbatar da `ps` cewa babu wani Git da ke aiki. A karanta saƙon har ƙarshe tukuna, domin kalmomin nan suna fitowa a wani yanayi daban: reshe mai suna gyara da mai suna gyara/shafi ba sa zama tare, ɗaya fayil ne ɗaya folda. Mafi muni shi ne gutsuren da wuta ta katse ya zama fanko, a ga “object file is empty”. `git fsck --full` zai faɗi waɗanda suka lalace, kuma kwafin da ke kwamfutar kowane ma'aikaci wurin ɗebo lafiyayyu ne. Bugu na 2.36 ya kawo `core.fsync` don tilasta rubutu ya sauka a faifai kafin a ce an gama, amma bai kai batiri da inbata a gindin saba ba.

Kada kuma a ɗauki madubi a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. A watan Maris na 2013 faifan babbar sabar KDE ya lalace, sabobin da ke kwafarta suka kwafi lalacewar da aminci, ma'ajiyoyi kusan 1,500 suka kusa salwanta. Wata saba guda da ba ta samu ta kwafi ɓarnar ba ita ta cece su.

7.0 Kira ga masu kula da saba

Kayan bincike suna nan kyauta kuma ba a cika taɓa su ba. `git remote -v` yana nuna ko ma sabar da ake nufi ake turawa. `git ls-remote` yana nuna ko karatu yana yiwuwa, wanda ke raba matsalar hanya da ta rubutu. `GIT_TRACE=1` da `GIT_CURL_VERBOSE=1` suna fallasa abin da ke gudana a ƙarƙashi, `GIT_SSH_COMMAND="ssh -v"` kuma yana yin haka ga SSH. A kula da `--dry-run`: ba ya aika komai, saboda haka ba ya tayar da ƙugiyoyin saba, nasararsa ba ta tabbatar da cewa turin gaske zai shiga.

Mai wannan maƙala yana ganin rabin laifin magungunan gaggawa yana wuyan masu kula. Ƙugiyar da ta ƙi turi ba tare da ta faɗi dalili ba ita ke tura ma'aikaci neman `--force` a intanet. Duk abin da ƙugiya ta rubuta yana bayyana a allon mai turi, kuma babu dokar da ta ce sai da Ingilishi. Layi biyu sun isa: abin da aka ƙi, da abin da za a yi. Ofishin da Hausa ake yi a cikinsa, ƙugiyarsa ta yi Hausa.

Ga masu riƙe da saba, roƙon maƙalar shi ne kowa ya koma ya duba abubuwa kaɗan a makon nan: ya kunna `core.logAllRefUpdates` da `receive.denyNonFastForwards` da `receive.denyDeletes` a ma'ajiyoyin da ake tarayya, ya kunna `receive.fsckObjects` wanda a kashe yake zuwa, ya daina taɓa ma'ajiya da asusun root, ya ƙirga ƙofofin da ake iya turi ta cikinsu ya rufe wadda ba a amfani da ita. Sannan ya buɗe asusun gwaji marar izini, ya yi ƙoƙarin danne babban reshe da ƙarfi ta SSH da ta HTTPS, ya gani da idonsa ko sabar za ta ƙi.